Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Aminin Jidda: A Buɗe Mana Hanyar Shiga Teku

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Aminin Jidda, shugaban hukumar birni, Allah ya ja zamaninka.

Ni ɗan garin nan ne. A kudancin Jidda aka binne cibiyata, a makarantun garin na yi aikin koyarwa har na ajiye alli, kuma ina cikin Hausawan da kakanninsu suka zo aikin hajji suka zauna. Buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: a nuna wa mutanen Jidda, a rubuce kuma a kan ƙasa, ta ina suke da haƙƙin bi su isa ruwan teku su shiga ba tare da sun biya ko halala ɗaya, wato kwabon Saudiyya, ba, sannan a ƙara yawan irin waɗannan wurare. Na sa wasiƙar a fili da Hausa ne don mutanen da nake magana a kansu su karanta da harshensu. Wanda ya ga na yi ƙari, ya tsayar da ni.

Yabon gwani ya zama dole. Mu da muka yi wayo a zamanin da Injiniya Muhammad Sa'id Farisi yake riƙe da garin, daga shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980, mun ga yadda aka shimfiɗa Kornish, wato titin bakin teku, aka ƙawata ta da sassaƙe-sassaƙen ado, har bakin tekun Jidda ya zama abin zuwa kallo. A ƙarshen shekarar 2017 aka buɗe sabon ɓangaren Kornish ta arewa, mai hanyar tafiya da ƙafa, da filayen wasan yara, da gadar masu kamun kifi, da ’yan wuraren iyo. An gyara bakin ruwan Abhur ta Kudu. Can kudu da gari akwai gaɓar Saif. Duk wannan kyauta ake shiga, kuma duk wanda ya je daren Juma'a ya ga yadda darduma take gogar darduma ya san aikin bai tafi a banza ba.

Sai dai zama a gefen teku daban, shiga teku daban. Garin da ƙidayar 2022 ta ce mutanensa sun haura miliyan 3.7, wuraren da iyali za su sa ƙafa cikin ruwa kyauta kuma hankali kwance ba su taka kara sun karya ba. Mafi yawan Kornish duwatsu ne da aka jibge don tare igiyar ruwa, sai shingen ƙarfe, sai allon da ke cewa an hana iyo. Ba na ganin laifin allon. Gaɓar Bahar Maliya ba irin wadda take gangarawa sannu a hankali ba ce. Murjani ne shimfiɗe daga baki, mutum yana tafe a kansa ruwa iya gwiwa, yana isa ƙarshensa sai rami mai zurfi, ga ruwa mai ja. Dakarun tsaron iyaka sun sha gargaɗi a kan haka, kuma gaskiyarsu ce.

To ina ruwan yake kwance? A Sharm Abhur, inda teku ya kutso cikin ƙasa kusan kilomita 10, igiya ba ta shigowa da ƙarfinta, da kuma ’yan lungunan ruwa masu rairayi da ke arewa da shi. Wato wurin da Allah ya sauƙaƙa wa yaro da tsohuwa su shiga, shi ne wurin da katanga ta fi yawa. Inda aka bar mana a buɗe, mafi yawansa ba ya shiguwa. Inda yake shiguwa, mafi yawansa sai da kuɗi ko da sanayya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ina roƙon mai girma Amin ya sa wani daga cikin ma'aikatansa ya bi titin Abhur ta Arewa ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙaramar mota, ba tare da an san daga ina yake ba. Na bi shi da jikokina a bayan mota, kowa da gajeren wandonsa a ƙarƙashin jallabiya, ƙaramarsu tana rungume da robar iyo da muka hura tun daga gida. Katanga ce ke bin katanga: wannan shale ne, wato gidan hutu na bakin teku, wannan wurin shaƙatawa ne, wannan gidan wani ne. Ana jin ƙanshin gishiri, ana jin ƙarar baburan ruwa, amma ba a ganin ruwan sai ta tsagar ƙofa idan wata mota za ta shiga. Mun tsaya a wata ƙofa. Mai gadin mutumin kirki ne, ya gaishe ni da “ya ammi”, ya faɗa mini kuɗin kai ɗaya. Na lissafa kawunan da ke motar, abin ya doshi cefanen gidana na mako. A ƙofa ta gaba ba ma maganar kuɗi ba ce, sai wanda yake da rajista ko wanda mai rajista ya gayyata. Muka juyo zuwa wurin jama'a, muka tarar babu masaka tsinke, ko wurin ajiye mota babu. Yarinyar nan ba ta yi kuka ba, sai ta cire murfin robar da kanta ta zauna a kai don iskar ta fita. Ban riƙe masu wuraren a zuciya ba. Dukiyarsu suka zuba, kuma da yawa daga cikin masu biya sirri suke saye, musamman don matansu su yi iyo ba idon kowa. Tambayata ita ce, a tsakanin katanga da katanga, ina hanyarmu?

Ba sabon abu nake nema ba, domin hukuma ta riga ta yi magana. A shekarar 1436 ta Hijira, daidai da 2015, Majalisar Ministoci ta zartar cewa kowace gaɓa tana da harami, wato filin bakin ruwa na mita 100, wanda zai zauna a buɗe ga jama'a, ba a ba da hayarsa, ba a yin gini a kansa. An keɓe wasu abubuwa, kamar filayen da masu su suke da takardar mallaka tun kafin umarnin sarauta na 1419, da wuraren da tsaro ya buƙata, da wuraren hidimar jama'a, da wasu ayyukan yawon buɗe ido. Doka ce mai kyau. Matsalarta ɗaya: tana cikin takarda, shi kuwa talaka a gaban katanga yake tsaye. Ba shi da hanyar sanin ko wannan katanga tana cikin waɗanda aka keɓe, ko filin hukuma ne aka ba da haya, ko kuwa wani ne ya ja ta ya ƙara har bakin ruwa ya ga ba a ce masa komai ba. Duk katanga a idonsa iri ɗaya ce, kuma mutumin da yake zaune da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, ko wanda bai saba da ofisoshi ba, ba zai tsaya jayayya da mai gadi ba. Juyawa zai yi.

Shi ya sa abu na farko da nake roƙo bai kai tsadar fitilun titi ɗaya ba: taswira. A fitar da taswirar gaɓar Jidda tun daga Suwal a arewa har Shu'aiba a kudu, a shafa wa kowane yanki launinsa, wannan na jama'a ne, wannan mallakar wani ne, wannan haya ce kuma ga shekarar da za ta ƙare, wannan na tsaro ne kada a matso. A sa ta a Balady, manhajar hukumomin birane, inda kowa zai gani a wayarsa, a kuma kafa alluna a bakin titi masu nuna cewa nan akwai hanyar jama'a zuwa teku. Ranar da aka yi haka, mai kiran 940, lambar kai ƙara ga hukumar birni, zai san abin da yake kai ƙara a kai, shi ma mai shale na halal zai huta da zargin da ba nasa ba.

Malamanmu ma ba su bar wannan babi ba. Hadisin da Abu Dawud da Ibn Majah suka ruwaito sananne ne, cewa Musulmi abokan tarayya ne a cikin abu uku: ruwa da makiyaya da wuta. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan haramin kogi da na rijiya, wato filin da ke kewaye da ruwa wanda ba a yarda wani ya mallake shi ya toshe wa mutane ba. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 ta Hijira, a tsibirin Rauda na Alƙahira ya zauna, ya ga masu hali suna tura gine-ginensu zuwa bakin kogin Nilu, ya rubuta risala guda a kan hana hakan. Mu Hausawa muna jin sa kamar na gida, don shi ne ya aika wa sarakunan ƙasashenmu wasiƙar nasiha, har da na Katsina. Ni ba mufti ba ne, kuma ban ce hukuncin kogi shi ne na teku kai tsaye ba. Abin da nake nunawa shi ne, kukan da nake yi ya girmi Kornish da ɗaruruwan shekaru, kuma dokar mita 100 tana da gindi a cikin abin da muka gada.

Abu na biyu shi ne hanyoyin ratsawa. Harami a buɗe ba shi da amfani idan ba ta inda za a bi a kai gare shi. Ƙasar Sifaniya, wadda ta dogara da baƙi masu zuwa bakin teku fiye da mu, ta sa a dokar gaɓarta ta 1988 cewa a cikin gari kada tazarar da ke tsakanin hanyar ƙafa zuwa teku da mai bi mata ta wuce mita 200, ta mota kuma mita 500. Otal-otal ɗinsu ba su rushe ba don wannan. Ban ce a kwafo lambobinsu ba; Abhur an riga an gine ta, kuma mai takarda yana da haƙƙinsa. Amma duk lokacin da hayar wani filin hukuma ta ƙare, ko wani ya zo neman izinin sabon gini ko faɗaɗawa a bakin ruwa, ana iya gindaya masa sharaɗin barin lungu mai faɗin ’yan mitoci daga titi zuwa ruwa. A hankali, shekara goma, sai a ga titin da yake katanga zalla ya sami ƙofofi.

Yanzu bari in yi maganar kudu, don nan ne ƙafata ta fi sani. Taswirar garin kanta ta hana mutanen kudu teku: tashar jiragen ruwa ta ɗauki nata, sansanin sojan ruwa ya ɗauki nasa, masana'antu da rumbunan ajiya sun ɗauki sauran. Waɗannan abubuwa ne da gari ba ya rayuwa sai da su, ba na jayayya. Sannan daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe tsofaffin unguwanni irin su Gulail da Karantina da Betromin da Sabil, inda dangi da maƙwabtanmu da yawa suka tashi. Mutane suka watsu, da yawa suka koma can gabas, bayan babbar hanyar Haramain, wasu suka nausa kudu. Wanda a da iskar teku take shigo masa ta taga, yau sai ya yi shiri irin na matafiyi kafin ya ga ruwa. Gaɓar Saif tana da kyau, amma tafiya ce ta mai mota da mai kuɗin mai. Bazawara mai ’ya'ya huɗu, ko leburan da Juma'a kaɗai yake hutu, kuɗin tasi zuwa da dawowa ya fi ƙarfinsu. Tunda garin yana da bas-bas na haya, a sa layi ɗaya ko biyu ranakun Juma'a da Asabar da lokacin hutun makaranta, daga unguwannin gabas da kudu kai tsaye zuwa Saif da Abhur, su riƙa dawowa har bayan isha. Ai kowa ya san a zafin Jidda ba mai zuwa teku da rana tsaka. Sai rana ta yi sanyi ake fita.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, a matsayina na wanda ya yi rayuwarsa a aji, shi ne yaran garin nan da yawa ba su iya iyo ba. Na sha tambayar ɗalibaina wa ya iya, hannuwan da ke tashi ba su da yawa, kuma kusan kullum ’ya'yan masu shiga shale ne ko masu kuɗin kulob. Wannan a garin da ake yi wa kirari da Amaryar Bahar Maliya, garin da Halifa Usman ɗan Affan ya mayar tashar Makka tun shekara ta 26 ta Hijira. Kakana ya baro ƙasar Kano a ƙafa, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira ta Sudan har ya tara guzuri, ya tsallako daga Sawakin a jirgin katako. Haka kakannin Hadramawa da Jawawa da Buhariyawa da Indiyawan garin nan suka zo, da yawansu ta ruwa. Jikokinsu ne yau suke tsoron ruwan da ya kai ƙugu. Kuma hana yaro wurin iyo ba ya hana shi shiga ruwa. Zai faki idon iyayensa ya sauka ta kan duwatsu a inda ba mai ceto, ba raga, ba fitila. Ɗan maƙwabcina haka ya yi. Allah ya sa wani mai kamun kifi yana kusa ya cafko rigarsa, ya fito tafin ƙafarsa duk murjani ya yayyanka. Allon hani shi kaɗai ba ya ceton rai. Abin da ke ceto shi ne a ce wa yaron: nan an hana, amma ga can, tafiyar minti kaɗan, an yarda, kuma akwai mai lura da kai.

Manufar 2030, shirin raya ƙasar Saudiyya da aka ƙaddamar a 2016, ta sa burin ɗaga yawan masu motsa jiki aƙalla sau ɗaya a mako daga kashi 13 zuwa kashi 40 cikin ɗari. Babu filin motsa jiki mafi arha a Jidda kamar tekun da ke kwance a gefenta. Ba ya son na'urar sanyaya ɗaki, ba ya son ciyawa. Abin da yake so shi ne raga mai iyakance wurin iyo, da hasumiyar masu ceto, da banɗaki, da famfon ɗauraye jiki. Idan aka haɗa kai da hukumar ilimi, a lokacin hutu a riƙa koyar da yara iyo kyauta da sassafe a waɗannan wurare, ni na san tsofaffin malaman motsa jiki da za su zo ba don albashi ba.

Mata kuma a yi musu tanadi na gaske. Abin da ake gani yanzu shi ne uwa tsaye cikin ruwa iya ƙwauri da abayarta, hannu ɗaya riƙe da yaro, ɗaya riƙe da gefen mayafi. Idan yaron ya zame ba za ta iya binsa ba, don ita ma ba wanda ya koya mata. Masu hali sun warware wannan da kuɗinsu a bayan katanga. A ware wa sauran mata wuri ko wasu ranaku, da shinge mai kare ido, da ɗakin canza kaya mai tsafta, da mata masu ceto. Tunda an fara koyar da ’yan mata motsa jiki a makarantun gwamnati, iyo bai kamata ya zama na ’yar mai shale kaɗai ba. Samari marasa iyali su ma a tuna da su. Duk inda aka rubuta “na iyalai kaɗai”, a tabbata akwai wani wuri kusa da aka rubuta nasu, in ba haka ba duwatsun nan za su koma.

Akwai kuma dattawa masu fatsa. Ba ’yan kasuwar kifi ta Bangala ba ne, mutane ne da suke zuwa da asuba ko bayan magariba da zarensu da ’yar robar jatan lande, su zauna awa uku don kifin sha'ur biyu ko sijan, wani lokaci ba ko ɗaya. Gadar da aka yi musu a Kornish ta arewa ta yi musu kaɗan, kuma ta yi wa na kudu nisa. Idan lokacin tseren motoci ya zo, wanda aka fara a Disambar 2021, wani ɓangare na can ɗin ma rufe shi ake yi. ’Yan dakali kaɗan na siminti a wuraren da ba su dace da iyo ba sun ishe su.

Mu ma da namu. Duk wanda ya je bakin teku da safiyar Asabar ya ga abin kunya: ledoji, da ƙasusuwan kaza, da kofunan shayi, da tokar gawayi da aka zubar a kan rairayin da yara za su taka. Masu cewa idan aka buɗe wa jama'a wuri lalata shi za su yi, mu muke ba su hujja. A ci tarar mai zubar da shara ko ɗan wane ne, ba za ka ji bakinmu ba. Amma a hukunta mai laifin, kada a rufe wa gari ƙofa saboda shi.

Na bar babbar maganar a ƙarshe don ita ce ba ta riga ta wuce ba. A Disambar 2021 aka ƙaddamar da aikin Tsakiyar Jidda, na riyal biliyan 75, a filin da ke tsakanin Fadar Salam da tsohuwar tashar tace ruwan teku. An ce zai ƙunshi bakin ruwa mai tsawon kilomita 9.5, da gaɓar rairayi mai kilomita 2.1. Rairayi a tsakiyar gari, inda bas zai kai mutum, abu ne da tsararrakina ba su sani ba. Na san kamfani ne yake gina shi, ba ofishinka ba, amma kai ne bakin mutanen garin a inda ake yanke shawara. Ina roƙon a faɗa mana tun yanzu, kafin a kafa ƙofofi a ɗauki masu gadi, nawa ne daga cikin kilomita 2.1 ɗin nan mutum zai shiga da dardumarsa da fulas ɗin shayinsa ba tikiti, ba sharaɗin sai ya sayi abinci a wurin. A rubuta shi a cikin yarjejeniyar masu hayar wurin, don abin da ba a rubuta ba, ranar da ciniki ya kankama mantawa ake yi da shi.

Idan za a kafa allunan da na roƙa, a rubuta su da Larabci da Turanci, a ƙara da Urdu da Hausa a wuraren da masu waɗannan harsuna suka fi zuwa, musamman gargaɗin zurfi da lambar dakarun tsaron iyaka, 994. Fassarar Hausar mu za mu yi, kyauta, duk ranar da aka neme mu.

Allah ya taya ka riƙo.

Wassalam,
Wani malamin makaranta mai ritaya, Jidda.